Gawayin Da Ake Binnewa A Gona

Uwargida ran gida, da ke amarya, da ke 'yammata mai harhaɗa kayan ɗaki, ku yi mini afuwa yau na ajiye zancen soyayya da na kishiya na faɗa gona. Wata tambaya ce take ci mini tuwo a ƙwarya, na ga kuma babu waɗanda ya kamata in yi ta da su sai ku, domin mu ne masu wuta, mu ne masu toka, kuma a tukunyarmu amfanin gona yake ƙarewa. Tambayar ita ce: shin mutum yana da ikon ya zuba wa ƙasa abin da ba zai iya kwashewa ba, ko da kuwa da niyyar gyara ya zuba? Abin da ya jawo ta wani gawayi ne da ake yayinsa yanzu, wanda Turawa suke kira bayoca, ni kuwa zan riƙa ce masa gawayin gona don bakinmu ya huta.

Shi wannan gawayi ɗan uwan na kurfoti ne, sai dai ba don girki ake yin sa ba. Ana samun kara, ko totuwar masara, ko ɓuntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko itace, a cinna musu wuta a rami ko a durom inda iska ba ta shiga sosai, su gasu da zafin da yake kaiwa digiri 350 zuwa 700, amma a hana su zama toka. Daga nan sai a kashe wutar, a farfasa shi, a cuɗa da ƙasar gona. In aka duba shi da madubin likita za a ga duk jikinsa ƙofofi ne kamar soso, to waɗannan ƙofofin su ne suke riƙe ruwa da taki, su hana su zurarewa ƙasa. Yana kuma kashe tsamin ƙasa. Ba zan ɓoye alherinsa ba don ina so in faɗi aibinsa: a 2017 wani masani mai suna Simon Jeffery da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka ga a ƙasashe masu zafi irin namu yabanya takan ƙaru da wajen kashi 25 cikin 100 in aka kwatanta, a ƙasashe masu sanyi kuwa kusan babu wani ƙari. Kin ga ke nan mu ne kasuwarsa.

Asalin labarin daga dajin Amazon ya fito, can ƙasar Brazil. Ƙasar wannan daji ja ce mara ƙarfi, ruwan sama ya wanke ta, amma nan da can sai a tarar da wata baƙa wuluk mai albarka, wadda a harshen Fotugal suke kira terra preta, wato baƙar ƙasa. Da aka tona sai aka ga gawayi ne a ciki, da katangar tukwane, da ƙasusuwa, da ragowar abinci na mutanen da suka zauna a wurin ɗaruruwan shekaru da suka wuce, wasu ma dubbai. Wani Bature ɗan Holan, Wim Sombroek, ya yi rubutu a kanta a 1966, aka yi ta bincike, har a 2006 aka kafa ƙungiya ta duniya don yaɗa wannan gawayi. Abin da ya ƙara masa farin jini kuwa zancen ɗumamar yanayi ne. Tsiro yana zuƙar iskar kabon yana girma, in ya ruɓe ko ya ƙone ƙurmus sai iskar ta koma sama, amma in aka mai da shi gawayi aka binne, to an ɗaure ta a ƙasa.

Da na fara jin wannan bayani dariya na yi, na ce ashe kufai da juji ne suka je Turai suka yi karatu suka dawo da sabon suna. Wane manomi ne a ƙasar Hausa bai san gonar kufai ta fi kowace gona ba? A 2016 ma an buga wani bincike da aka yi a ƙauyukan Laberiya da Gana, aka samu irin wannan baƙar ƙasa a bayan gidaje, aka kuma gane mata ne suka yi ta da tokar murhu da gawayi da sharar girki da suke zubarwa shekara da shekaru. A nan Kano kuwa, tun kafin a haifi iyayenmu jakuna suke shigowa birni da itace su fita da mangalar taki, toka da shara da kashin dabbobi, a kai gonakin karkara, abin da wani Bature mai suna Michael Mortimore ya yi ta nazari tun shekarun 1960. Saboda haka abin ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma wannan sabo shi ne yake sa mu saki jiki da shi.

Amma fa 'yar uwa, jujin kakanninmu daban, bolarmu daban. Su sharar gidansu dusa ce da ƙaiƙayi da tokar kara da tsohuwar ƙwarya. Ki leƙa kwandon shararki yau ki gani: leda, robar ruwa, mataccen batir, gwangwanin maganin sauro, tsumman yadin roba, kwalin magani. Sannan su a hankali ƙasarsu ta yi baƙi, kaɗan yau kaɗan gobe har jikoki, in akwai cuta a ciki da lokaci ya tona ta. Yanzu kuwa so ake a zuba wa gona a damina ɗaya abin da su suka tara a shekara ɗari.

Ga inda gizo yake saƙar. Takin gida in kin zuba, shekara biyu ko uku ya ruɓe ya bi ƙasa. Takin zamani in ya yi yawa ya ƙona shuka, to bana ce ta lalace, ruwa zai wanke, baɗi a sake lale. Shi kuwa gawayi ba ya ruɓewa da wuri, yana iya yin ɗaruruwan shekaru yana nan, kuma wannan daɗewar ita ce masu tallarsa suke yabo, don ita ake biya kuɗi. To abin da ya daɗe da alherinsa ai zai daɗe da sharrinsa. Kowace mai girki ta san gishiri in ya yi kaɗan ana ƙarawa, in ya zarce kuwa sai dai a ƙara ruwa a yi ta kame-kame. Garin gawayin da garma ta juya cikin ƙasa wa zai zauna ya tsince shi? Da wane rariya?

Bari mu bi haɗarin a hankali, mu fara da abin da aka ƙona. Mutane suna ɗauka wuta tana tsarkake komai, alhali akwai dafin da wuta ba ta ci. Dalma da kuromiyom da ire-irensu ƙarafa ne, ba sa ƙonewa a irin wannan zafi. Kilo uku ko huɗu na busasshen abu ne yake ba da kilo ɗaya na gawayi, sauran ya tafi a hayaƙi, amma ƙarfen yana nan, sai ma ya taru wuri ɗaya ya ninka, kamar yadda miya take ƙara gishiri in ta tsotse. Idan tsohuwar ƙofa mai fenti aka ƙona, fenti da yawa akwai dalma a ciki. Idan katakon da aka jiƙa da maganin gara ne, wani irinsa akwai asinik a ciki, guba ce tsagwaronta. Idan taɓon kwata ne ko tarkacen masana'antar jima, to kuromiyom ne. Mu Kanawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san launin ruwan da yake fitowa daga wajajen Challawa da Sharaɗa da Bompai, masu bincike kuma sun daɗe suna samun irin waɗannan ƙarafa a ruwan Jakara da Getsi da ake ban-ruwan kayan lambu da shi. Leda da roba kuwa, musamman irin ta bututun ruwa da fatar wayar lantarki, in suka shiga wuta mara ƙarfi suna iya haifar da wata guba da ake kira dayokzin, mai taruwa a kitsen dabba da madara. Kuma duk wanda aka ƙona, mai tsabta da mai dafi, baƙi ne iri ɗaya a cikin buhu. Ido ba ya rabewa.

In kina so ki san tsadar fitar da guba daga ƙasa, ki tuna Zamfara. Can ba gawayi ne ya jawo ba, dutsen zinariya ne, amma darasin ƙasa ɗaya ne. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ashe dutsen da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa cike yake da dalma, ƙurarsa ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe suna taɓa ƙasa suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu da suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Ba a iya yi wa yaro magani a mai da shi gidan da ya kwaso cutar, don haka sai da aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa ana kwashewa, ana kawo sabuwa ana zubawa. Garin Bagega sai a 2013 aka samu kuɗin yi masa. Wannan fa tsakar gida ce, taku kaɗan. Ki auna a ce gona ce mai hekta biyu. Iyayen nan kuwa babu wanda ya yi nufin cutar da ɗansa a cikinsu, abinci suke nema, kamar yadda mai binne gawayi yake nema.

Sai yadda aka ƙona shi. Ki ɗaga kai ki dubi rufin madafin da ake girki da itace, wannan baƙar kunkunniya mai danƙo kamar kwalta, to a cikinta akwai wasu sinadarai da wuta mai hayaƙi take haifarwa, ɗaya daga cikinsu, benzofairin, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa shi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Tun a 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya lura masu shiga bututun hayaƙin gidaje suna sharewa tun suna yara suna kamuwa da sankara a gabansu. Gawayin da aka yi da kyau, hayaƙinsa ya ƙone ko ya fice, wannan dafi kaɗan ne a jikinsa. Wanda aka turnuƙe kuwa, aka rufe shi hayaƙin ya koma ya kwanta masa, shi ne yake kwasa. Shi ya sa a Turai tun 2012 suka fito da takardar shaida mai ƙa'idoji, sai an kai gawayi ɗakin gwaji an auna ƙarafan da ke ciki da wannan dafi na hayaƙi kafin a ba shi shaidar shiga gona. Waɗanda suka ƙirƙiro yayin ke nan, ba su yarda da launin buhu ba. Mu kuma sai a nuna mana bidiyo na minti uku a WhatsApp, durom da ashana, shi ke nan an yaye mu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wa zai shaƙa. A ƙauye in aka ce a daka, a tankaɗe, a ɗura a buhu, kin san hannun wa aikin zai faɗa, kuma kin san akwai goyo a bayanta. Garin gawayi ba shi da nauyi, iska kaɗan ta ɗebe shi, balle a hunturu, kuma mafi laushinsa shi ne yake wucewa can cikin huhu inda tari ba ya fito da shi. Na ɓuntun shinkafa ya fi, domin ɓuntu cike yake da sinadarin yashi, in wuta ta yi masa yawa wannan sinadari yakan rikiɗe ya zama irin ƙurar da take cinye huhun masu fasa dutse. Ga shi kuma ɓuntu ne ya fi arha a wajajen Kura da duk inda injinan shinkafa suke. Dama can ba lafiya muka cika ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki na cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi zama a bakin murhu. Ga kuma iskar nan mara wari mara launi da gawayi mai ci yake fitarwa, wadda duk sanyi sai mun ji ta kashe masu kwana da kasko a ɗaki. Wai a kan wannan za a ƙaro mana wani durom a tsakar gida. Haba!

Ita kanta ƙasar ba kowace ce take son sa ba. Gawayi kamar kanwa yake. Kin san amfanin kanwa a miya mai tsami, kin kuma san abin da take yi wa miyar da ba ta da tsami in hannu ya zarce. Ƙasa mai tsami tana murna da shi, amma ƙasar da dama tana da kanwa-kanwa ko gishiri, kamar wasu fadamu da filayen noman rani da aka daɗe ana yi wa ban-ruwa, in aka ƙara mata sai abincin shuka ya ɗaure, yana nan a ƙasa amma saiwa ba ta iya sha, ganye ya yi ɗorawa. Sabon gawayin da ba a jiƙa da taki ba kuwa da yunwarsa yake shiga, a farkon zuwansa yakan riƙe abincin da shuka take jira, manomi ya ga masararsa ta tsumbure ya rasa dalili. Haka yake tsotse maganin ciyawar da aka fesa a ƙasa ya rage masa ƙarfi, manomi kuma ba zai ce gawayi ne ba, zai ce maganin bana jabu ne, ya ƙara murfi biyu.

Yanzu mu yi lissafi irin na cefane. A gwaje-gwaje da yawa da aka ga ƙaruwar yabanya, tan 10 ko fiye ake zuba wa hekta ɗaya. Tan 10 na gawayi yana cin busasshen kara tan 30 zuwa 40. Hekta ɗaya ta gero ko dawa kuwa karanta 'yan tan kaɗan ne. Ke nan sai an kwashe karan gonaki da yawa kafin a ciyar da gona ɗaya. A littafin Bature kara shara ce, sunan da suke ba shi ke nan, ragowar gona. A wurinmu fa? Shi ne abincin shanu da rani, shi ne danga, shi ne rufin rumbu, shi ne makamashin mai ƙosai da mai tuwon sayarwa, tokarsa ma ba a zubarwa. Wanda aka bari a gona kuma shi ne yake tare ƙasa kada iskar bazara ta kwashe, gara ta ci ta mai da shi taki. Duk karan da ya shiga durom daga bakin wani aka cire shi. In kara ya ƙare kuwa ido zai koma kan itace, alhali tun da man fetur da gas suka yi tashin gwauron zabi, musamman bayan cire tallafi a 2023, gidaje da yawa sun koma gawayi, ƙirya da marke har da kaɗanya suna ta faɗuwa ana lodin su a manyan motoci. Kaɗanyar da mace take tsintar 'ya'yanta ta yi mai ta sayar ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, a sare ta a binne don a gyara yanayi, wannan wane irin gyara ne?

Akwai kuɗi a maganar, kuma ya kamata ku sani. Manyan kamfanoni irin su Microsoft da Google suna biyan masu yin wannan gawayi a ƙasashe irin su Bolibiya da Indiya, don a rubuta musu cewa an binne tan kaza na iskar kabon a madadin wadda suka fitar, kuma a 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 100. Ban ce haramun ba ne, ciniki ne. Amma ki duba yadda aka raba: mai kamfani ya samu takarda, dillali ya samu la'ada, gawayin kuma yana gonar talaka, in da alheri nasa, in da dafi ma nasa ne da jikokinsa. Mai sayen takarda adadin kabon ne damuwarsa ta farko, ba tuwon da za a ci daga gonar ba. Tun a 2009 ƙungiyoyi fiye da 100 na ƙasashe daban-daban suka sa hannu a wata sanarwa suna jan kunne cewa in abin ya zama babbar kasuwa, filayen talakawa za a ƙwace a dasa itatuwan ƙonawa.

Na san abin da wata za ta ce, kuma tana da gaskiyarta. Za ta ce ke marubuciya kina birni cikin inuwa, kin san nawa buhun taki yake? Ƙasarmu ta gaji, yashi ce zalla, yara suna kwana da yunwa, an kawo abin da zai riƙe mana ruwa a gona kina kawo zancen wani likitan Landan. Ai ko maganin asibiti yana da illa. Ƙwarai kuwa. Har ma zan ƙara mata hujja: gawayi mai tsabta ana amfani da shi a ƙasar da ta riga ta gurɓace don ya kama ƙarafan ya rage shigarsu cikin shuka. Ni ban ce a guje shi ba. Amma maganin asibiti wanda ya sha shi ne ya yarda, a jikinsa zai ƙare, in bai karɓe shi ba ya daina. Gona kuwa masu cin ta ba su zo ba tukuna, ba a tambaye su ba, kuma ba su da damar dainawa. Yunwa tana ba mutum uzuri ya yi kasada da abin da yake nasa. Shin gonar tasa ce shi kaɗai?

Mu Hausawa mun riga mun amsa wannan a al'adarmu ba tare da mun lura ba. Wanda aka ba aron gona yana shuka gero da wake, amma ba ya dasa mangwaro ko ya yi gini sai da izinin mai ita, don kowa ya san abin da zai daɗe ya wuce hurumin ɗan aro. To gonar gado ma ai haka take. Kakanka ya bar wa ubanka, ubanka ya bar maka, kai ma ranar da aka ɗauke ka za a zo da igiya a raba, har 'ya'yanka mata su samu rabonsu. A ganina duk mai gona ɗan aro ne, bambancin kawai masu ita ba su iya magana ba tukuna. Saboda haka nauyin bincike yana kan mai zubawa da mai kawowa, su ne za su nuna abin yana da tsabta kafin ya shiga, ba wai a zuba ba sannan a jira yaro ya kwanta a fara neman dalili.

Kyakkyawar niyya kuma ba ta ɗauke wannan nauyi. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan mutumin da ya shiga yi wa mutane magani alhali bai san aikin ba, suka ce in ya lahanta wani sai ya biya, ba su ce a duba zuciyarsa ba. Mai zuwa ƙauye da farar mota ya koya wa mata ƙona durom ya ɗauki hoto ya tafi, ba tare da ya faɗa musu abin da ba a ƙonawa ba, ko ya auna ƙasarsu ya ga ko tana so, ina ganin shi ma yana cikin wannan layi, ko da hawaye yake yi don tausayinsu.

Wata kuma za ta ce ina ruwan mace da gona, wannan ai maganar maza ce. Ni kuwa na ce ruwanki har da tsaki. Ke za ki daka, ke za ki dafa, ke za ki kwana a asibiti kan tabarma in yaro ya kwanta. Da yawanmu ma yanzu muna da ɗan lambu a bayan ɗaki, alayyafo da zogale da tattasai a cikin buhuna, kuma na ga masu zuba musu ragowar gawayin murhun da aka hura da leda da tsohon silifa. Ba faɗa za ki yi da maigida ba. In ya ci ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, sai ki ce, "Malam, wannan baƙin takin da aka kawo, don Allah me aka ƙona aka yi shi? A ina aka yi? Ko za mu gwada a kunya biyu tukuna mu gani?" Namiji mai hankali zai ji, don shi ma bai so ya kashe gonar ubansa. In ya tambayi mai sayarwa aka fara yi masa hanya-hanya, ya samu amsarsa.

In kuwa za ku yi da kanku, abin da aka sani ya fito daga gona shi kaɗai za a ƙona, totuwa da ɓawo da karan da ya yi saura bayan dabbobi sun samu, busassu ƙarau, babu leda ko da ta hura wuta ce, babu katako mai fenti. A yi a fili nesa da ɗakuna, yara su matsa. Akwai wata hanya da aka fito da ita a ƙasar Siwizalan a 2014, ana kiran ta Kon-Tiki, rami ne mai faɗin baki da tsukakken gindi kamar akushi, ana zuba kara kaɗan-kaɗan harshen wuta yana rufe sama yana cinye hayaƙin, in ya cika a kashe da ruwa. Gwaji ya nuna gawayinta yana fita da ƙarancin dafin hayaƙi. Kada a daka shi a bushe, a yayyafa ruwa, a ɗaura ƙyalle a hanci, kuma ba a turmin abinci ba. A cuɗa shi da takin dabbobi ya yi makonni yana sha kafin ya ga gona, a kai shi da danshinsa a rufe da ƙasa nan take.

Gawayi mai kyau ba shi da wari, in kin murza a hannu ruwa kawai yana wanke baƙin, wanda yake warin hayaƙi ko yake barin maiƙo sai da sabulu, bai gasu ba. Ki samu buhu biyu, ɗaya ƙasa zalla ɗaya da gawayin, ki shuka irin salak ko alayyafo adadi ɗaya, ki ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako guda. In na gawayin ya gaza a fili, kada ya shiga gona. Sai dai wannan gwaji ba ya nuna dalma, shuka tana iya yin kore shar da ita a jikinta, sai ɗakin gwaji. Akwai masana ƙasa a cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, akwai su a Jami'ar Bayero. Mace ɗaya ba lallai ta iya kuɗin ba, amma matan unguwa da suke zubin adashi duk mako suna iya ware zubi ɗaya, a ɗebi gwangwanin gawayin da gwangwanin ƙasar gonar, a ba wani ɗan makaranta ya kai.